Kowace shekara ina ƙudurta hadda, amma ba na wuce izu huɗu

Ɗan Kwari: Assalamu alaikum. Shekaruna 38, ina sayar da atamfa a Kantin Kwari, kuma tun ina saurayi nake da burin haddace Alƙur'ani. Duk azumi sai in ɗaura niyya, in riƙa ɗaukar shafi biyu a rana, amma kafin Sallar layya ta zo na riga na saki, har wanda na ƙara ya zube. Daga Nasi zuwa Tabara kawai nake riƙe da shi sosai. Shin mai iyali da kasuwa zai iya wannan aiki, ko kuwa lokacina ya wuce?

Malama Uwargida: Wa alaikumus salam, Alhaji. Lokacinka bai wuce ba, ma'aunin da kake ɗauka ne ya fi ƙarfin ranarka. Shafi biyu aikin ɗalibin da ba shi da wata hidima ne. Mus'hafin bugun Madina shafi 604 ne, kowane shafi layi 15, kuma tunda ka kai Tabara, abin da ya rage maka shafi 561 ne. Idan ka ɗauki rabin shafi a rana, kwana biyar a mako, ka bar Alhamis da Juma'a kamar yadda makarantun allo suka saba, za ka sauke cikin shekara huɗu da 'yan watanni. Na san adadin zai yi maka tsawo a kunne, amma ka lissafa azumi nawa suka wuce tun da ka fara ƙudurtawa.

Tsohon Almajiri: Lissafin Malama daidai ne, sai dai ni ba ƙarin ne yake damuna ba, riƙon ne. A tsangayar da na yi karatu, ba a yarda ka wanke allo sai ka kawo abin da ke kansa babu gargada, kuma tilawar dare ba ta faɗuwa ko da sanyin hunturu. Hadisi ya tabbata a Bukhari da Muslim cewa Alƙur'ani ya fi raƙumi saurin kuɓucewa daga dabaibayinsa. Saboda haka ka raba lokacinka: sabon karatu bayan Asuba, kafin wayar abokan ciniki ta fara ƙara, bita kuma tsakanin Magariba da Isha'i. Abin da ka haddace a makon, ka karanta shi a nafiloli, domin a sallah ne mutum yake gane inda haddarsa take da rami. Kada kuma ka canza mus'hafi, ido yana riƙe wurin da aya take a shafi.

Abu Hafsa: Ka nemi alaramman da za ka riƙa kai wa hadda duk mako, ka kuma yanka masa wani abu. Kunyar zuwa gabansa hannu rabbana ita ce ta riƙe ni shekara uku.

Ɗan Kwari: Allah Ya saka muku da alheri. Na yi magana da limamin masallacin layinmu, ya amince in riƙa kai masa duk Asabar bayan La'asar. Sharaɗinsa ɗaya ne: ba zan taɓa Suratut Tahrim ba sai na biya masa izu huɗun nan daga farko har ƙarshe.