Muhawara: Da Gaske Dagwalo Na Sa Namijin Kifi Yin Ƙwai?

Malamar Kimiyya: Assalamu alaikum. Ina nan kan bakana: ruwan datti na lalata haihuwar kifi tun kafin ya kashe shi. A 1998 masu bincike sun duba kogunan Ingila a ƙasan inda ake sakin ruwan bahaya, suka tarar da mazan kifi da ƙwai a marainansu.

Tsohon Masunci: 'Yata, shekara 40 ina fede tarwaɗa, ban taɓa ganin namiji da ƙwai ba. Haihuwar kifi ta damina ce. Ruwa ya hau ciyawa, tarwaɗa ta bi shi cikin dare ta zuba ƙwai. Da rani ka tsaga cikinta, jakar a yamutse take kamar tsumma. Wannan lokaci ne, ba guba ba.

Malamar Kimiyya: Gaskiyarka Baba, shi ya sa ake kwatanta kifayen da aka kama a lokaci ɗaya na shekara. Amma ƙwan da ke cikin marainan namiji ido ba ya ganinsa, sai da madubin likita. A Kanada, daga 2001 zuwa 2003, an riƙa zuba ɗan mitsitsin sinadarin ƙwayar tsarin iyali a wani tafki. Mazan wani ƙaramin kifi suka fara yin sinadarin gwaiduwa irin na mata, kifin ya kusa ƙarewa ƙaf. Da aka daina, ya farfaɗo.

Mai Kiwon Tarwaɗa: Ni na yarda da Malama. A kandami uwa ba ta sakin ƙwai sai mun yi mata allurar homon, sinadarin da ke sa ƙwai ya nuna, da yamma, da safe mu matse. In ɗigon allura na juya kifi haka, ina ga abin da yake sha kullum?

Tsohon Masunci: Yaro, ku tambayi mutanen Hadeja da Nguru. Tun da aka tare ruwa a Tiga a 1974 ambaliya ta ja baya, fadamar da kifi ke haihuwa ta tsuke. Ga masu koma mai ƙananan ido suna kwashe 'ya'yan. Wannan ne ciwona.

Malamar Kimiyya: Ban musa ba, Baba. Amma ka taɓa tsayawa bakin kogin Challawa da ke Kano a watan Afrilu? Ruwa ya janye, dagwalon majemu ya yi kauri, wari har maƙogwaro. Kuma daidai lokacin ne ƙwan tarwaɗa ke nuna a cikinta, tana jiran ruwan farko.

Tsohon Masunci: Na tsaya, kuma ban jefa birgi ba. To bana ki zo da madubin naki kafin ruwa ya sauka, ni zan kamo miki mazan.