Ina canza saiti a fayil, da na rufe sai ya koma yadda yake: in sabunta manhajar ko in bar ta?

Mai Hoto, unguwar Zariya:

Assalamu alaikum jama'a. Ina da shagon hoto da buga katin biki a nan Maradi, kuma duk aikina a kan iMac guda yake, kwamfutar tebur ta kamfanin Apple, ƙirar ƙarshen 2012, wadda aka kawo mini ta hannu daga Kano. Tsarin na'urar da ke kanta High Sierra ne, wato 10.13.

Yadda nake aiki shi ne, in na tsara kati sai in ɗauki hoton allo in tura wa mai shi ta WhatsApp, ya duba sunaye da rana kafin in buga. Ina son hotunan nan su riƙa fitowa a jpg, su kuma faɗa kai tsaye cikin wata folda da na sa wa suna "Katin ɗaurin aure", ba su barbazu a fuskar allo ba. Wanda ya sayar mini da na'urar ya bar mini wata ƴar manhaja ta buɗe fayilolin saiti, waɗannan masu ƙarewa da plist, ya kuma nuna mini fayil ɗin com.apple.screencapture, ya ce nan ake canzawa.

Abu biyu ke damuna. Na farko, in na canza na adana, wani lokaci ya zauna, wani lokaci da na sake buɗewa sai in tarar da tsohon yana nan kamar ban taɓa ba. Na biyu ya fi ci mini rai: ranar da ya zauna ɗin ma, sai na ga "ɗ" ta ɗaurin aure ta koma alamar tambaya, hotunan kuma suka ci gaba da zubewa a fuskar allo. Ranar Alhamis da ta wuce, cikin wannan tarin, na tura wa wata Hajiya katin wasu mutane daban. Ta kira ni tana tambaya ko an canza wa ƴarta ango ne. Na ba ta haƙuri ta haƙura, amma har yanzu abin na raina, don sana'ar nan amana ce.

To, wata uku ke nan manhajar na nuna mini akwai sabuwar siga, abin da muke ce wa mizajur. Ban taɓa ba, saboda maƙwabcina ya taɓa sabunta tasa na'urar, da ta tashi rabin manhajojinsa sun ƙi buɗewa, sai da ya yi sati ba aiki. Yarona ya karanta mini bayanin da ya zo da sabuwar, ya ce layuka huɗu ne kawai, kuma a sama an rubuta wai gyaran ƙananan kurakurai ne. In ƙanana ne, ya dace in sa aikina cikin haɗari dominsu? Don Allah masu sani ku ba ni shawara.

Baba Mai Gyara, Babbar Kasuwa:

Wa alaikumus salam ƙanena. Ka haɗa abu biyu da ba ɗaya ba ne, bari in raba maka su.

Abin da ya sami maƙwabcinka, ko ban gani ba na san shi, don irinsa sun sha zuwa teburina. Shi tsarin na'urar gaba ɗaya ya ɗaga zuwa Catalina, 10.15, wadda ta fito a 2019, kuma daga ita ne aka daina karɓar tsofaffin manhajoji masu bit 32. Duk wadda ba mai 64 ba ce, ba ta tashi. Taka iMac ɗin Catalina ce iyakarta, kuma ni ban ba ka shawarar zuwa can ba sai ka duba manhajojin da kake cin abinci da su ɗaya bayan ɗaya. A cikin rahoton tsarin na'ura, ƙarƙashin jerin manhajoji, akwai layin da ke nuna wadda take 64 da wadda ba ita ba. Wannan shi ne babban sabuntawa, shi ake tsoro. Sabunta ƴar manhajar plist ba ya taɓa ko ɗaya daga cikin wannan.

Amma ni ra'ayina, ka bar ta ma kwata-kwata. Abin da kake nema layi uku ne a Terminal, manhajar da ake buga wa na'ura umarni a rubuce:

defaults write com.apple.screencapture type jpg
defaults write com.apple.screencapture location "/Users/sunanka/Desktop/Kati"
killall SystemUIServer

Ka ƙirƙiri foldar tukuna, ka sa mata suna Kati kawai, ba ƙugiya ba tazara. Shekaru ina gaya wa masu kawo mini gyara su daina sa haruffa masu ƙugiya a sunan folda. Hanyar lafiya a bi ta da shekara.

Malamin Lissafi, Ali Ɗan Sofo:

Baba ya yi gaskiya a kan Catalina. Zan ƙara bayani a kan matsalarka ta farko, don in ka gane dalilinta za ka iya yanke hukunci da kanka.

A da, fayil ɗin da ke cikin Library/Preferences shi ne magana ta ƙarshe. Ka canza shi, manhaja ta buɗe ta karanta, shi ke nan. Daga Mountain Lion ta 2012 aka shigo da wani ɗan aiki mai gudana a ɓoye, sunansa cfprefsd, kuma tun Mavericks ta 2013 mutane suka fara jin tasirinsa sosai. Shi ke riƙe da saituna a ƙwaƙwalwar na'ura. Manhajoji shi suke tambaya, ba fayil ba, shi kuma yake rubuta abin da ya riƙe a fayil ɗin a lokacin da ya ga dama.

Ka ɗauka kana da yaron shago da ya haddace bashin kowa, da yamma ya zauna ya rubuta a littafi. Kai ka zo da rana ka gyara littafin ba ka gaya masa ba. Da yamma zai zo ya rubuta abin da ke kansa bisa gyaranka. Ranar da ka ga canjin ya zauna, ka yi sa'a ne bai riga ya ɗauki wannan fayil ɗin a kansa ba, ko kuma na'urar ta sake tashi kafin ya rubuta. Shi ya sa abin yake maka kamar wasa, yau e gobe a'a.

Umarnin defaults da Baba ya ba ka yana aiki ne saboda ta hannun cfprefsd yake bi. Tsohuwar manhajarka kuwa da alama fayil take rubutawa kai tsaye, irin na da. Wasu kan buga killall cfprefsd bayan sun gyara fayil don su tilasta masa ya sake karantawa. Yana yi sau da yawa, amma ban so a mai da shi ɗabi'a, don kana katse shi ne alhali wataƙila yana riƙe da saitin wata manhajar da bai rubuta ba tukuna.

Don haka ka sa yaron ya kwafo mana layuka huɗun nan mu gani. Kalmar da aka rubuta a sama ba ita ce abin dubawa ba.

Mai Hoto, unguwar Zariya:

Na gode Baba, na gode Malam. Misalin yaron shagon ya shige ni sarai. Ga abin da yaron ya fassara mini:

Na ɗaya, yanzu canji yana bi ta hanyar tsarin saituna na na'ura, ba a rubuta fayil kai tsaye. Na biyu, an gyara lalacewar haruffan da ba na ASCII ba in an adana fayil a sigar binary. Na uku, yanzu ana ganin saitunan manhajojin da ke cikin Containers. Na huɗu, an gyara rufewar da take yi in an buɗe fayil marar komai a ciki. A ƙasa an ce tana buƙatar 10.13 ko sama.

Na ɗayan na gane yanzu. Na biyu da na uku ban san me suke nufi ba.

Ɗaliba, Jami'ar Ɗan Dikko Ɗan Kulodo:

Yaya, na biyun nan ai naka ne, kamar da sunanka aka rubuta shi.

ASCII tsohon jerin alamomi ne guda 128: haruffan Turanci manya da ƙanana, lambobi, da su aya da waƙafi. Babu ɓ, babu ɗ, babu ƙ, babu ƴ. Ko é ta Faransanci ba ta ciki. Fayil ɗin plist kuma iri biyu ne aka fi gani. Akwai na XML, wanda in ka buɗe shi za ka iya karantawa da idonka. Akwai na binary, wanda tun Tiger ta 2005 shi ne na'ura ke amfani da shi wajen adana saituna. In ka buɗe shi a matsayin rubutu za ka ga bplist00 a farko, sauran duk tarkace. A cikin na binary ɗin, hanya biyu ake ajiye rubutu. In duk haruffan na ASCII ne, kowanne ya ɗauki gurbi ɗaya. In ko harafi ɗaya ya fita daga jerin, dole a ajiye jimlar gaba ɗaya da UTF-16, kowane harafi gurbi biyu. Manhajar da ta manta da wannan, ta tura "ɗ" ta ƙofar ASCII, to alamar tambaya za ta fito. Na'urarka kuma ta je neman folda mai alamar tambaya a sunanta, ba ta samu ba, ta zube hoton a inda ta saba.

Na ukun bai shafe ka yau ba, amma zai iya shafar ka gobe. Yawancin manhajojin da aka saya ta App Store ba sa ajiye saitinsu a Library/Preferences, kowacce tana da ɗakinta a Library/Containers. Tsohuwar sigar ba ta leƙa can, sai mutum ya yi ta neman fayil bai gani ba.

Baba, da girmamawa, a nan ne ban bi ka ba. Shawararka za ta yi aiki, ban musa ba. Amma me zai sa mutum ya cire wa harshensa ƙugiya don manhaja ta ji daɗi? Mu a jami'a haka muke fama, a rubuta "kasa" ana nufin "ƙasa", a rubuta "dan" ana nufin "ɗan", har yara sun fara ɗauka haka ake rubutawa. Na'urar Yaya ta san harafin nan sarai, tun da ta bar shi ya sa wa folda suna da shi. Manhajar ce ta yi kuskure, mai ita kuma ya gane ya gyara. Wurinsa ƙaramin gyara ne, wataƙila wani mai é ko ü a sunansa ne ya kai ƙara. Wurin Yaya kuwa shi ne ya kai katin wasu gidan Hajiya.

Ni dai na ce ka sabunta, tun da 10.13 ɗin da ta nema ita ce a kanka. Amma kafin nan ka buga wannan:

defaults export com.apple.screencapture ~/Desktop/ajiya.plist

In wani abu ya karkace, defaults import zai mayar maka da shi. Ka kuma kwafi tsohuwar manhajar a kile, wato ƴar ma'ajiyar USB. Ka sauko da sabuwar daga cikin ita manhajar ko daga shafin mai ita, ban da wadda aka turo a guruf.

Baba Mai Gyara, Babbar Kasuwa:

Ƴata, Allah ya ƙara basira. Ban san bayanin gurbi ɗaya da gurbi biyun nan ba sai yau, na dai san ƙugiya na kawo matsala ina kauce mata. Na karɓa. Duk da haka ban janye maganar Terminal ba, don ranar da mai manhajar ya daina kula da ita, defaults na nan.

Abu ɗaya zan ƙara, ƙanena. Layi na huɗun nan, fayil marar komai a ciki, ni na fi kowa saninsa. iMac ba ta da batir. In kuran ya ɗauke na'ura na tsakar rubutu, wani lokaci ka tarar da fayil girmansa sifili, manhaja ta tashi kamar yau aka sa ta, duk saitinka ya tafi. Yanzu ga zafi ya shigo, ka san yadda wuta take yi mana. In ba ka da ondila, wato batirin da ke riƙe na'ura in wuta ta ɗauke, ka nema, ko ƙarama ce, wadda za ta ba ka minti biyar ka kashe na'urar da hannunka. In kuma kana shakkar wani fayil, plutil -lint da sunan fayil ɗin zai gaya maka lafiyarsa lau ko ya lalace. Kada ka yi sabuntawar da tsakar rana, ka bari sai da safe.

Mai Hoto, unguwar Zariya:

Jama'a na dawo da labari. Yau bayan sallar asuba na buɗe shago kafin kowa ya zo. Na yi ajiyar da ƙanwata ta ce, na kwafi tsohuwar a kile, sannan na sabunta. Megan da ta ci ko bidiyo ɗaya na biki bai kai ba.

Na buɗe com.apple.screencapture, na rubuta hanyar foldar da cikakken sunanta, "Katin ɗaurin aure", da ƙugiyarta. Na adana, na rufe, na buɗe: tana nan. Na kashe na'urar gaba ɗaya na kunna: tana nan. Hoton farko dai fuskar allo ya faɗa kafin in kashe, gabana ya faɗi, sai na tuna layi na uku na Baba, killall SystemUIServer, na buga, na biyun ya shiga folda a jpg. Na gwada har da wata folda mai suna "Ƴan makaranta" don hotunan katin lekol, ita ma ta zauna.

Catalina kuwa na duba jerin kamar yadda Baba ya ce, na tarar da manhajar da ke tuƙa tsohuwar na'urar sikana ba mai 64 ba ce, don haka ina nan a High Sierra. Baba, gobe in sha Allah zan biyo ta kasuwa bayan azahar mu duba ondilar, ka taya ni zaɓar wadda za ta ɗauki iMac ɗin da firinta tare.