Sababbin zuwa ba sa zama a ikilisiyarmu, mu raba zumunta gida-gida?

Ishaya: Salama gare ku 'yan'uwa. Baƙi suna zuwa sujada, wasu har su yi baftisma, bayan wata biyu ko uku sai mu neme su mu rasa. Kwamitin dattawa zai zauna ranar Asabar: mu raba jama'a ƙananan ƙungiyoyi a gidaje, ko mu bar taron tsakiyar mako a majami'a? Masu iya jagora huɗu kawai gare mu.

Mama Rifkatu: Ɗana, mai tarbar baƙi ya rubuta suna da lambar waya, a kira kafin Laraba. Wanda ya gaishe shi ranar Lahadi shi zai kira, kada a ba wani dabam. Mako na biyu a zauna kusa da shi, na uku a haɗa shi da sa'ansa. Mutum ba ya zama inda ba a san sunansa ba.

Dattijo Bulus: Kowace ƙungiya mutum 8 zuwa 12, da jagora da mataimaki, kowane zama minti 90. In ta kai 15 a raba ta, don masu kunya sukan daina magana.

Haruna: Baba, 12 ya yi yawa. Shida ya isa. Andarawas ma mutum ɗaya ya kawo wa Yesu, ɗan'uwansa Bitrus.

Saratu: Ku bar lissafi. Akwai gwauruwar da ta yi shekaru tana share majami'a, ta kwanta ciwo wata biyu, ba wanda ya leƙa ta. Sunanta kuwa yana cikin rajistar ƙungiya! Da ta warke ba ta koma ba, 'ya'yanta ma haka. Abokan juna suka kafa ƙungiyar, sun saba da kansu, ita tana gefe.

Mama Rifkatu: Abin da ciwo. Shi ya sa ake sa mutum ɗaya kan duba waɗanda ba su zo ba mako biyu a jere.

Fasto Yohanna: Abota kaɗai ba ta riƙe mutum. Ayyukan Manzanni 2:42 koyarwa ta fara ambata kafin zumunta. Jagoran da ba a horar ba zai mai da taron hira, roƙon addu'a kuma ya zama gulma.

Saratu: Da girmamawa Fasto, ku daga bagade kuke gani. Mu da ke zaune a benci mun san wanda ake gaisarwa. Shawulu ma, wanda ya zama manzo Bulus, sai da Barnaba ya kama hannunsa ya kai shi wurin manzanni.

Haruna: A dai hana mawaƙa jagora, in suka ɗauko waƙa sai asuba.

Dattijo Bulus: Saratu ta taɓo wata babbar matsala. Baƙon da ya zo da mota har ƙofa ake raka shi, mai ƙafa ko hannu ba a ba shi. Yakubu sura 2 ta hana wannan ƙarara. Masu tarbar baƙi wa ke zaɓensu ma?

Ishaya: Iyayena, jagorori huɗun nan fa, mu fara da su ko mu jira?