'Yata tana son karatun injiniya: da gaske ne mace tana samun ƙasa da namiji ko da digirinsu ɗaya?

Baban Asma'u, Funtuwa:

Assalamu alaikum. 'Yata ta fari za ta zauna jarrabawar JAMB a bana, kuma ta dage a kan injiniyan lantarki a Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, domin tun tana ƙaramar sakandare lissafi ne ya fi zauna mata a kai. Kakarta da gwaggwanninta sun sa ni gaba, suna cewa in karkatar da ita zuwa aikin jinya ko koyarwa, saboda a ganinsu ko ta shafe shekara 5 tana wahala, namiji za a ɗauka a bar ta, idan ma an ɗauke ta ba za a biya ta daidai da shi ba. Ba na son in karya mata gwiwa, ba na kuma son in tura ta hanyar da za ta yi da-na-sani. Ina roƙon waɗanda suka san sha'anin aiki da albashi su faɗa mini gaskiyar lamarin.

Alhaji Mai Ritaya, Kaduna:

Wa alaikumus salam, Malam. Na yi shekaru masu yawa a sashen kula da ma'aikata, kuma ina tabbatar maka cewa jadawalin albashin gwamnati bai san mace ko namiji ba. Mai digiri yana shiga aiki a mataki na 8, mai NCE a mataki na 7, likitoci suna kan tsarin CONMESS, ma'aikatan jinya suna kan CONHESS, kuma babu gurbin jinsi a ko ɗaya daga cikinsu. Alawus ɗin masu yi wa ƙasa hidima, wanda aka ɗaga daga naira 33,000 zuwa 77,000, ɗaya ne ga kowa. Sashe na 17 na kundin tsarin mulkin 1999 ma ya ambaci biya ɗaya ga aiki ɗaya ba tare da la'akari da jinsi ba.

Inda na ga bambanci da idona shi ne abin da ke wajen jadawalin: tafiye-tafiyen kwas da ke da alawus, zaman kwamitoci, da canjin wurin aiki da ke buɗe ƙofar ƙarin girma. Sau da yawa shugaban sashe yakan cire sunan mace tun kafin a tambaye ta, yana cewa ai mijinta ba zai bari ba, kuma bayan shekara 10 sai ka tarar abokin shigarta aiki ya yi mata nisa.

Malama Ummu Khalil, Kano:

Baba Alhaji ya faɗi gaskiya game da gwamnati, sai dai yawancin matasan da suka gama jami'a ba gwamnati ce take ɗaukarsu ba. Ni ina koyarwa a wata makarantar kuɗi, inda babu jadawali sai abin da kuka daidaita da mai makaranta. Ranar da na gano cewa wani malami da muka fara tare, muke da digiri iri ɗaya, yana karɓar fiye da ni, na je na yi magana, aka ce mini shi magidanci ne, ni kuwa akwai mai ciyar da ni. Mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka sa wa hannu a 2024 bai isa irin waɗannan makarantu da yawa ba, kuma mata ne suka fi yawa cikin malamansu. Saboda haka, Malam, koyarwar da gwaggwanninta suke gani mafaka ce, tana cikin ayyukan da suka fi tauye mace.

Abin da ya fi yi mini ciwo shi ne shekarun farko. Dokar ƙwadago ta ba mai haihuwa hutun mako 12 da aƙalla rabin albashi, Jihar Kaduna ma ta mayar da na ma'aikatanta wata 6 a 2019, amma a wurare masu zaman kansu mace takan dawo daga wankan jego ta tarar an ba wata ajinta. Bankuna da manyan kamfanoni kuma sukan ƙayyade shekarun sababbin ma'aikata, ta yadda wadda ta dakata don aure da goyo takan tarar lokaci ya wuce ta. Wannan ba a nan kaɗai ba ne: Claudia Goldin, wadda ta ci kyautar Nobel ta tattalin arziki a 2023, ta nuna cewa a Amurka maza da mata masu ilimi ɗaya suna fara aiki kusan kafaɗa da kafaɗa, tazarar tana buɗewa sosai ne bayan haihuwar fari.

Injiniya Maman Sadiq, Abuja:

Malam, ni na bi hanyar da Asma'u take so, kuma ina roƙonka ka bar ta. Mu 'yan kaɗan ne mata a ajinmu, kuma ƙarancin nan shi ne tushen matsalar, domin tun daga cike fom ɗin JAMB ake tura 'yan mata zuwa fannonin da albashinsu bai kai ba, sannan a dawo ana mamakin tazarar. Ba na raina aikin jinya, Arewa tana matuƙar buƙatar mata a asibitoci, kuma wadda zuciyarta take can ta yi dace. Amma wadda aka tura dole ba za ta kula da majinyaci yadda ya kamata ba.

Wahala akwai ta. Sashe na 55 na dokar ƙwadago ya hana mata aikin dare a masana'antu, ban da ma'aikatan jinya da masu muƙamin gudanarwa, kuma wasu kamfanoni suna fakewa da shi su ƙi ɗaukar mace tun farko. Duk da haka, a Janairun 2024 Margaret Oguntala ta zama mace ta farko da ta shugabanci Ƙungiyar Injiniyoyin Najeriya, kuma mata injiniyoyi suna da ƙungiyarsu, APWEN, wadda take da rassa a jihohi. Ka taimaka mata ta samu wurin SIWES na gaske a shekara ta huɗu, wato horon sanin makamar aiki da ake tura ɗalibai, inda za ta taɓa na'ura da hannunta maimakon zaman ofis, ta kuma yi rajista da COREN, hukumar da ke kula da aikin injiniya a Najeriya, da zarar ta cika sharuɗɗa. Idan manemi ya fito, a yi maganar karatunta da aikinta a gaban waliyyai tun kafin a sa rana, kada a bar ta sai bayan an ɗaura.

Baban Asma'u, Funtuwa:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na karanta wa mahaifiyarta amsoshinku, kuma gobe da yamma zan je wajen Hajiya, kakarta, in yi mata bayani da kaina. Injiniya, in babu damuwa, ina so Asma'u ta rubuto miki tambayoyinta a nan kafin ta cike fom.