Wankin kafet a gida: abin da masu sana'ar suka yi ittifaƙi a kai

Kusan duk sun yarda cewa ƙura ce farkon abin yi. A fitar da kafet waje a kakkaɓe shi ta baya da sanda, domin idan ruwa ya haɗu da ƙasar da ke gindin gashin, taɓo ake samu.

Inda aka fi daɗewa ana magana shi ne sabulu. Babban cokali ɗaya na sabulun ruwa ya ishi lita 4 na ruwan ɗumi. Masu zuba omo da hannu su ne ke ganin kafet ya sake yin datti nan da nan, saboda sabulun da bai fita ba yana danƙo, yana kama ƙura. A gwada ruwan sabulun a wata kusurwar kafet ɗin tukuna ko launin zai zuba, sannan a goga da buroshi mai laushi, a ɗauraye da ruwa zalla, a matse da tawul.

Tabo kuwa dannawa ake yi da tsumma daga gefe zuwa tsakiya, ba dirzawa ba. Jini ruwan sanyi yake so, na zafi dafa shi yake yi. Fitsarin yaro kuwa, a haɗa masa ruwan khal (vinegar) da ruwa kashi ɗaya-ɗaya. Kafet na ulu kada bilic ya kusance shi.

Shanya ce ke ɓata aikin mutane da yawa. Idan kafet ya wuce awa 24 da danshi, wari da fumfuna kan biyo baya, shi ya sa wankin damina ganganci ne sai da fanka. A kife shi idan rana ta yi zafi, kada launin ya koɗe.