Ƙanena ya ce bai yarda da Allah ba, amma wai kar in kira shi mulhidi

Mai tambaya (an sakaya suna):
Assalamu alaikum 'yan uwa. Admin don Allah a ɓoye sunana. Ina da ƙane da ke digiri na biyu a Ingila, uwa ɗaya uba ɗaya, ni na yi goyonsa. Tun bara na lura in na tambaye shi ko ya je Juma'a sai ya kawo wata hirar. Makon jiya muna waya na matsa masa, sai ya ce, "Yaya, ba zan yi miki ƙarya ba, ni yanzu ban ga abin da zai sa in yarda akwai Allah ba." Jikina ya mutu. Na ce, "Wato ka zama mulhidi ke nan?" Abin mamaki, a nan ne ransa ya ɓaci. Ya ce kar in sake kiransa da wannan suna, ko Turawan da suke gida ɗaya ba ya yarda su ce masa atheist, wato mulhidi da Turanci. Ya kashe waya.

Abin ya ɗaure min kai. Mutum ya faɗa da bakinsa, me ya rage kuma? Ƙin sunan nan alama ce da sauran imani a zuciyarsa, ko wasa yake min da hankali? Sannan in gaya wa Baba ko in yi shiru? Baba yana da hawan jini, shi kuma yaron zai zo hutu a Disamba.

Baban Sadik:
Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. 'Yar uwa, ba wani ɗaure kai a nan. Wanda ya ce babu Allah mulhidi ne, ya so ko ya ƙi. Ki sanar da mahaifinku yau ɗin nan.

Maman Iman, Manchesta:
Baban Sadik, a yi a hankali. Ba "babu Allah" ya ce ba, cewa ya yi bai ga abin da zai sa ya yarda ba. A kunnenmu duk ɗaya ne, amma su masu irin wannan ra'ayi suna bambanta biyun sosai.

Aikin jinya nake a nan, kuma yawancin Turawan da muke aiki tare ba sa zuwa coci, ba sa addu'a, in mara lafiya ya cika ba za ki ji sunan Allah a bakinsu ba. Amma in kika tambayi ɗaya daga cikinsu ko shi atheist ne, sai ya yatsine fuska ya ce shi dai ba mai addini ba ne kawai. A ƙidayar jama'a ta 2021 a Ingila da Wales, kashi 37 cikin 100 suka ce ba su da addini, mutum sama da miliyan 22 ke nan. Waɗanda suka ɗauki alƙalami suka rubuta atheist da hannunsu ba su wuce 14,000 ba. Gaskiya ne akwai akwatin "ba addini" a takardar, shi ya fi sauƙin cikawa, amma duk da haka kin ga ko a ƙasar da ba mai taɓa lafiyarsu ba sa ɗokin sunan. Don haka abin da ƙanenki ya yi ba baƙon abu ba ne a inda yake zaune.

Malam Na Tudun Wada:
Allah Ya shirya mana zuri'a. Diyata, kar ki yi gaggawar laƙaba masa suna. Hukunta mutum da fita daga addini ba aikin yaya ba ne, ba kuma aikin zauren sada zumunta ba ne. Malamai suna rarrabe mai shakka, da mai waswasi, da wanda ya tsaya ƙyam a kan musu. Sahabbai ma sun kai ƙarar abin da suke ji a zukatansu wanda suke jin nauyin furtawa, Annabi (SAW) bai kore su ba. Ki riƙe zumunci, ki yawaita addu'a, ki tuna shiriya ba a hannunki take ba, kamar yadda aya ta 56 a Suratul Ƙasas ta nuna.

Wani memba (an sakaya suna):
Na daɗe a zauren nan ban taɓa magana a kan wannan ba. Na roƙi Admin ya ɓoye ni, kuma za ku gane dalili. Ina cikin irin halin da ƙanenki yake, a Arewa nake zaune, kuma ni ma ba na kiran kaina da wannan suna. Ba na zo in yi wa kowa wa'azi ba ne, amsa tambayarki kawai zan yi.

Suna linzami ne, Yaya. In aka ce mulhidi, ko zindiƙi, ba wanda ke jin "mutumin da ya yi tunani bai gamsu ba". Abin da ake ji shi ne mashayi, mazinaci, wanda ba a ba shi amana, wanda ba a ba shi aure, wanda in ya mutu za a yi gardamar inda za a binne shi. Ni kuwa har gobe ni ke biyan kuɗin makarantar 'ya'yan yayana da ya rasu. Da ni ake haɗa kuɗin ragon layya a gidanmu. In aka yi rasuwa a unguwa ina cikin masu ɗaukar makara. "Alhamdu lillahi" da "in sha Allahu" suna fita a bakina ba tare da na shirya ba, don da su na koyi magana. Da kika ce masa mulhidi, abin da ya ji shi ne kin cire shi daga gidanku.

Akwai kuma wani abin. A intanet akwai masu ɗaukar sunan nan kamar tuta, aikinsu ba'a da zagin masu addini dare da rana. Ba na son a haɗa ni da su. Mahaifiyata tana tashi ƙarfe uku na dare tana yi mini addu'a, na sha jin ta ta bayan labule. Ba zan shiga sahun masu ce wa irinta wawaye ba. Sannan ni ban ce na san babu ba. Na ce ban gamsu ba, kuma ba zan iya tilasta wa zuciyata ba.

Amma kar in yaudare ki. Ƙin sunan ba ya nufin yana nan da imaninsa a ɓoye. Yana iya yiwuwa, yana iya kuma zama ba haka ba. Abin da na tabbata yana nufi shi ne har yanzu yana son zama ƙanenki. Da ba ya so, da bai gaya miki gaskiya ba, ƙarya ta fi sauƙi nesa ba kusa ba.

Baban Sadik:
Admin, yanzu har irin waɗannan ake bari suna magana a nan?

Admin:
Bai zagi kowa ba, tambaya aka yi ya amsa. A ci gaba cikin ladabi.

Ɗan Damagaram, Amurka:
Su kansu ba su daidaita a kan sunan ba. Cibiyar bincike ta Pew ta fitar a 2024 cewa kashi 28 cikin 100 na manyan Amurkawa ba sa bin wani addini. A cikinsu kashi 17 ne kawai suka ce su atheist ne, kashi 20 suka ce agnostik, sauran kashi 63 suka ce su dai ba komai ba ne takamaimai. Agnostik ɗin nan su ne 'yan "ban sani ba", wani masanin kimiyya na Ingila, Thomas Huxley, ya ƙirƙiro sunan a 1869. Sam Harris, wanda ya yi suna wajen sukar addini, ya tsaya gaban taron masu ra'ayi irin nasa a 2007 ya ce su daina kiran kansu atheist. Wasu kuwa gani suke ƙin sunan tsoro ne, in ba a fito an amsa shi ba ƙyamar ba za ta ragu ba. Ki tambaye shi me yake kiran kansa. Wataƙila ya ce miki shi ma bai sani ba tukuna.

Barista:
Ni ta fuskar tsaro zan yi magana. Kun tuna Mubarak Bala na Kano. A 2014 danginsa suka kai shi asibitin masu taɓin hankali bayan ya ce ya bar addini. A 2020 aka kama shi a Kaduna kan rubuce-rubucensa a Facebook, a 2022 babbar kotun Kano ta yanke masa shekara 24, kotun ɗaukaka ƙara ta rage zuwa 5 a 2024. Ba ina cewa lamarinsu ɗaya ba ne, shi fitowa fili ya yi yana rubutu. Amma kalma in ta fita daga bakinki ta shiga dangi, ta shiga unguwa, ba ki da ikon dawo da ita, kuma ba kotu kaɗai ake tsoro ba. Kar ki tura wa kowa saƙonninku. Ki kuma ja masa kunne kan abin da yake rubutawa kafin ya sauka a Disamba.

Hajiya Babba:
'Yata, kar ki gaya wa mahaifinku a waya, kar kuma ki gaya masa yanzu. Dattijo mai hawan jini, me zai iya yi daga nan sai kwana ba barci? Ki kira yaron ki tambaye shi ya sanyi, ya karatu, yana samun abin da zai ci. Maganar nan ta jira sai kun zauna ido da ido.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai, Allah Ya saka. To in ya zo, Baba ya tashe shi sallar asuba kamar yadda ya saba, ya zan yi?

Wani memba (an sakaya suna):
Wannan ki bar masa, shi zai san yadda zai yi da mahaifinsa. Ni tashi nake in bi shi masallaci. Wasu ba sa iyawa, gani suke munafunci ne. Ku yi maganar tun kafin ya sayi tikiti.