Yawan ambaton takardun bincike ne ke nuna ƙwarewar masanin fatolojin cutar kansa?

Ummu_Hanifa:
Salamu alaikum jama'a, don Allah ina neman shawara. Ina shirin fara digirin PhD a fannin fatolojin cutar kansa (wato gano cutar ta hanyar duba naman jiki a maikiroskof), akwai malamai biyu da nake tunanin ɗaya ya zama sufabaiza ɗina. Na shiga Google Scholar na duba su, na farkon h-index ɗinsa ya ninka na ɗayan nesa ba kusa ba, amma da na bi takardun ɗaya bayan ɗaya sai na ga mafi yawansu sunansa a tsakiya yake cikin mutane masu yawan gaske, ita kuma ta biyun takardunta kaɗan ne amma kusan duk ita ce ta farko ko ta ƙarshe, wato gurbin masu jagorantar aiki. Wallahi abin ya ɗaure min kai, wanne zan kalla?

Dakta_Sadiƙ:
Wa alaikumus salam ƙanwata. Fara da sanin me lambar take aunawa. Wani masanin fiziks ne, Jorge Hirsch, ya fito da ita a 2005, kuma ma'anarta mai sauƙi ce, in an ce mutum na da 30 to yana da takardu 30 da kowacce aka ambace ta a wasu takardun bincike aƙalla sau 30. Shi kenan. Ba ruwanta da ko kai ka jagoranci aikin ko silaid na maikiroskof kawai aka kawo maka ka duba.

To mu a fatoloji nan ne matsalar take, duk wani babban bincike kan cutar kansa sai an nemi wanda zai tabbatar da cewa naman da aka yanko kansa ce kuma wace iri ce, don haka sunanmu na shiga takardun likitocin tiyata da na masu binciken ƙwayoyin halitta, manyan ayyuka irin su TCGA (aikin tattara bayanan ƙwayoyin halittar cutar kansa na Amurka) ma marubuta ɗaruruwa ake jerawa. Aiki ne na gaske, ban raina shi ba ko kaɗan, amma ba zai gaya miki ko mutum ya iya ɗauko tambaya tasa ya bi ta har ƙarshe ba, kuma abin da za ki koya a hannun sufabaiza kenan.

Kuma kar ki tsaya a Google Scholar kaɗai, shi har kundin ɗalibai yake ƙirgawa, ki duba Scopus ko Web of Science, rumbunan da ke ƙirga ambato su ma, za ki ga lambar ta sauka.

Baban_Walid:
Dakta ya faɗi gaskiya amma ni kam ba zan ce a watsar da lambar ba. Masu ba da tallafin bincike suna dubawa, kuma mutumin da ake ta saka shi a manyan ayyuka alama ce an yarda da idonsa, yana da mutane, zai iya buɗe miki ƙofa.

Hajiya_Lab:
'Yata bari in ƙara miki ɗaya, na daɗe a gaban maikiroskof. Akwai tasirin da ambato ba ya kamawa sam. Ki ɗauki Donald Gleason, a asibitin tsofaffin sojoji na Minneapolis a Amurka yake aiki, a 1966 ya fitar da tsarin auna munin kansar furostet (wata gaɓa a ƙarƙashin mafitsarar namiji) ta hanyar kallon yadda ƙwayoyin suka jeru, daga 1 zuwa 5, a haɗa biyun da suka fi yawa. Yau duk rahoton bayofsi (gwajin naman da aka yanko) na furostet sai ki ga an rubuta Gleason 3+4 ko 4+3, likita ya yanke shawarar tiyata ko a jira da wannan lambar, amma rahoton asibiti ba ya shiga Scopus, har masu rubuta takardu ma da yawa sun daina ambatar ainihin takardarsa don abin ya zama gama-gari. An yi masa gyara a taron ISUP (ƙungiyar masana fatolojin mafitsara da hanyoyin fitsari ta duniya) na 2014 aka koma rukuni biyar, Hukumar Lafiya ta Duniya (WHO) ta karɓa a 2016, har yanzu dai a kan ginshiƙinsa ake tafiya. Haka tsarin Nottingham na kansar mama da Elston da Ellis suka fitar a 1991.

A ɗaya ɓangaren kuma takardun rabe-raben ƙari na WHO, irin ta ƙwaƙwalwa ta 2016, suna tara ambato dubbai saboda dole duk mai rubutu a fannin ya ambace su.

Ni shawarata ki ɗauko takardu uku na kowannensu waɗanda shi ya jagoranta, ki karanta da kanki, ki ga su waye ke ambatarsu, wasu ne daga nesa ko shi da yaransa ne ke ta ambatar juna. Sannan ki nemi ɗalibansu na baya ki tambaye su, sun gama a kan lokaci? Sunansu ya fito na farko a aikin da suka yi?

Ummu_Hanifa:
Allah ya saka da alheri, Hajiya wannan maganar ɗaliban ban taɓa kawo ta a raina ba. Na koma na duba yanzu, takardun malamar na baya-bayan nan guda biyu ɗalibanta ne a farko ita tana ƙarshe. Zan tura wa ɗaya daga cikinsu imel yau in sha Allah, sai kuma in nemo na shi malamin in ji ta bakinsu.